Tsakanin Peugeot 504 da Beetle: ɗauki Fijo, ƙanina

Wa alaikumus salam, ƙanina. Tsakanin tsohuwar Peugeot 504 da Volkswagen Beetle da ka ce kana son tayar da ɗaya, ɗauki 504. Duka biyun sun ratsa hannuna. Ɗaya tana ƙofar gidana yanzu haka a lulluɓe da tamfol, ɗayar kuwa ranar da na rabu da ita har sadakar ƙosai na yi.

Tawa 504 ɗin ta mahaifinmu ce, Allah ya jiƙansa, ƙirar 1982, haɗin Kaduna. Bayan rasuwarsa shekara 11 ta yi a gindin darbejiya a gidanmu na Funtuwa. Tayoyi sun nitse cikin ƙasa, kaji na saka ƙwai a kujerar baya, yara sun mayar da bonet ɗin wurin shanya. Da na ɗauko wani tsohon bakanike ya duba ta, bai ko nemi makulli ba. Fulogai huɗun ya kwance, ya ɗiga baƙin mai a kowane rami, ya ce mu haɗu bayan kwana uku. Ranar da ya dawo ya kama injin da sifana yana juya shi a hankali har ya saki. Ya wanke kafireto, ya sa batirin aro, ya jawo fetur daga gora da siririn tiyo. Sau uku tana tari tana mutuwa, a na huɗu ta kama, hayaƙi ya turnuƙe tsakar gida, kaji suka watse. Hajiyarmu ta fito daga ɗaki ba mayafi, ta tsaya bakin ƙofa ta ce, "Wannan ai muryar motar Malam ce." Ba wanda ya iya cewa komai a cikinmu.

Wata 14 na yi ina gyaranta, da albashi, kaɗan-kaɗan. Kuma ba ranar da aikin ya tsaya don an rasa kaya. Dalili a bayyane yake. A 1975 aka fara haɗa Fijo a Kakuri ta Kaduna, kuma Faransa ta daina ƙera 504 a 1983 amma Kaduna ta ci gaba fiye da shekara 20 bayan nan. Gwamnatin soja ta Obasanjo ta mayar da ita motar hukuma, sannan mai dogon bayan nan ta riƙe tashoshinmu shekaru aru-aru, daga Kano zuwa Jos, daga Katsina zuwa Maraɗi. Duk bakaniken da ya haura shekara 45 a kanta ya koyi riƙe sifana. Ka shiga Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ka ce fitilar baya ko marfin ƙofa kake nema, yaro zai ruga ya dawo maka da biyu ka zaɓa. Injin ma, mai lita 2 ɗin nan, an yi shi ne don a riƙa tayar da shi: kwanon da fistin ke hawa da sauka a ciki zare shi ake yi a sa sabo.

Sallar farko bayan na gama, na ɗauki Hajiya da iyali za mu Katsina. Dab da Malumfashi tiyon lagireto ya fashe. Laifina ne, na ga ya tsufa na ce zai kai. Na gangara gefen titi ina tunanin yau a nan za mu yi azahar da la'asar. Wani mai gyara a ƙarƙashin rumfar kara ya leƙo, ya koma ciki, ya ciro tiyon 504 da ke rataye a ƙusa ya yi ƙura. Kafin yara su gama shan raken da aka saya musu mun hau hanya. Sannan ga taushi a gargada. Motar da ta ci tseren Safari na Kenya a 1975 ba ramukan hanyar ƙauyenmu ne za su razana ta ba. Hajiya barci ta yi har muka isa.

Ba zan ɓoye maka aibinta ba. Tana shan mai, a wannan tsadar kuwa sai dai fitar Juma'a da ranar biki. Kan injin na alminiyam ne, idan ka bari ta yi zafi sau ɗaya gasket ya ƙone, kan ma yana iya lanƙwashewa, don haka idonka kullum a kan allurar zafi. Sai tsatsa, wadda ita ce ainihin mai kashe 504.

Beetle kuwa, to, tana da kyau a hoto. Ba a raina motar da aka ƙera fiye da miliyan 21 kafin a rufe aikinta a Meziko a 2003, kuma ita ma an haɗa ta a Ojo ta Legas tun 1975. Ba ta da lagireto, iska ke sanyaya injin da ke bayanta, mutane kuma sai su ɗauka hutu ne. Ba hutu ba ne. Baƙin manta lita 2 da rabi ne kacal, ba ta da matatar mai ta kirki sai ɗan rariya, bawul na son a daidaita su a kai a kai, idan fanbel ya tsinke ba ka lura ba cikin 'yan mintuna injin ya dahu. Tawa na saye ta ne don sha'awa, ban san masu gyaran baya sun cire gwangwanayen da ke kewaye injin sun zubar ba, alhali su ke bi da iska kan silinda. A zafin watan Afrilu, cikin cunkoson Kano, ta gasa kanta. Masu saninta a nan sun tsufa ko sun rasu, kaya sai an aika Legas a jira. Manya huɗu da babbar riga kuma kada ma ka gwada. In kana zaune kusa da wanda ya san ta da gaske kuma kana son wahalar, bismilla.

Abin da ba ka tambaya ba amma sai na faɗa: dillalai. Tunda aka fara sha'awar tsofaffin motoci, kowace 504 ta zama "ta wani tsohon famsak ce, masallaci kawai yake zuwa da ita". Da yawa sun yi shekara 20 suna jigilar fasinja da buhuna, aka cika ramukan da fila, aka watsa fenti mai ƙyalli. Ka tafi da mayen ƙarfe a aljihu, ka bi ƙasan ƙofofi, bakin tayoyin baya da gindin gilashin gaba. Duk inda ya ƙi kamawa ba ƙarfe ba ne. Ɗaga tabarmar ƙasa da ta but ka danna da sukundireba. Idan Beetle ɗin ce ka nace, ɗaga kujerar baya, a nan batir yake zama, a nan kuma ƙasa ke fara ruɓewa. Ka je da sassafe ba tare da ka sanar ba, ka dafa injin ka ji da sanyi kafin a tayar, domin akwai masu ɗumama ta su zuba mai mai kauri don ya ɓoye ƙara da hayaƙi. Mitar kilomita kada ka ko kalle ta. Lambar shasi ta jikin mota ta dace da ta takarda, harafi da harafi. Idan motar gado ce, kada ka ba ɗa ɗaya kuɗi a bayan gida. A tara magada, a rubuta, a sa shaidu. Na san wanda ya gama fenti tsaf sannan sammaci ya same shi.

Nemi salun, ba mai dogon baya ba, mai lafiyayyen jiki ko da injin ya mutu. Injin kuɗinsa sananne ne, ruɓaɓɓen bodi ba a san ƙarshensa. Ranar dubawa ka fi buƙatar mai gyaran bodi a kan bakanike. Idan ta shigo hannu, fara da birki da tayoyi, sai lagireto da duk tiyoyi, sai wayoyin wuta, fenti ya zo ƙarshe komai ƙaiƙayin da zuciya ke yi maka. Kafin ka ba da ko kafin alƙalami, turo mini hoton cikin but an ɗaga tabarma, da na ƙarƙashin kujerar direba.