Adireshi Uku a Akwati Ɗaya: Yadda Gmail Ke Zaɓen Sunan Mai Aikawa

Adireshin imel uku nake amfani da su: na kaina, na shago, da na ƙungiyar 'yan kasuwa da nake yi wa sakatare. Dukansu na haɗa su a akwatin Gmail ɗaya, kuma bayan shekara biyu ina ganin zan iya faɗin inda tsarin ya yi kyau da inda yake buƙatar mutum ya buɗe ido.

Haɗawar ba ta da wuya, sai dai a kwamfuta ake yin ta, domin manhajar waya ba ta da wurin ƙara sabon adireshin aikawa. A cikin saituna, ƙarƙashin sashen asusu, akwai wurin da aka rubuta "Send mail as". Nan za ka shigar da adireshin, a aika masa saƙon tabbatarwa, ka buɗe shi ka danna mahaɗin da ke ciki. Idan adireshin na wani kamfani ne dabam, za a nemi bayanin sabar SMTP ɗinsa, wato na'urar kamfanin da ke fitar da saƙonni, da lambar ƙofar shiga sabar (port), galibi 587 ko 465, kuma a nan ne wanda bai saba ba zai nemi taimako. Google ya yarda a ƙara har adireshi 99, adadin da ban ga mai buƙatarsa ba.

Inda maganar take shi ne zaɓen adireshin da zai riƙa fitowa da kansa. Gmail yana ba ka damar naɗa ɗaya a matsayin na dindindin, sannan ya tambaye ka ko amsa ta fita daga wannan ɗin, ko kuwa daga adireshin da saƙon ya shigo ta kansa. Na biyun na zaɓa, kuma shi nake ba duk mai harka da jama'a shawara, saboda wanda ya rubuto wa shago bai kamata ya ga amsa daga sakataren ƙungiya ba. Amma duk wanda ya karanta rubutun saitin da kyau zai lura cewa mayar da amsa kawai ya ambata, bai ce komai ba game da tura saƙo gaba ga wani, alhali turawar ce ta fi haɗari, tunda wanda zai karɓa sau da yawa bai san sauran adireshinka ba.

Na koyi wannan ne da garajena. Wata rana na tura wa wani Alhaji takardar farashin kaya ba tare da na duba layin mai aikawa ba, sai ta fita da tsohon adireshina mai ɗauke da laƙabin da abokai suka sa mini a makaranta. Da na gyara lokacin janye saƙo tun farko, wato ɗan lokacin da Gmail ke ba ka ka fasa saƙo bayan ka danna aikawa, da na tsira. Gmail yana ba da daƙiƙa 5, 10, 20 ko 30, ni kuwa na bar shi a kan 5.

Tun daga ranar na mayar da adireshin shago na dindindin, na ɗaga lokacin janyewa zuwa 30, na kuma ba kowane adireshi sa hannunsa dabam, ta yadda sunan da ke ƙasan wasiƙa zai tona kuskure kafin in danna aikawa. A waya ma ana iya taɓa layin mai aikawa a sauya adireshi, ko da yake layin ƙarami ne, kuma mai sauri zai iya wuce shi.