Wata shida da masu kwashe shara a Marwa

Tun farkon bazara gidanmu da ke unguwar Domayo, a birnin Marwa na ƙasar Kamaru, ya shiga tsarin wasu matasa masu bi gida-gida suna kwashe shara da babur mai ƙafa uku. Muna biyan jaka ɗaya ta sefa a wata, su kuma suna zuwa Talata da Asabar bayan sallar asuba, kuma yanzu da damina ta wuce ina ganin na ga iyakar aikinsu.

Ƙanƙantar abin hawan ita ce babban amfaninsu. Tsofaffin unguwannin Marwa ba a yanka su domin manyan motoci ba, saboda haka motar shara takan tsaya a bakin titi, alhali yawancin gidaje suna can cikin lungu. A da yaro ake ɗora wa bokitin shara, shi kuwa in ya ga bola ta yi nisa sai ya juye ta a lambatu ko a cikin Mayo Kaliyawo, kogin da ya ratsa garin, wanda da rani babu komai a cikinsa sai yashi. Idan ruwan Agusta ya sauko, leda ta riga ta toshe hanyarsa, sai ya nemi ɗakunan mutane. Gwamnatin Kamaru ta hana siraran ledoji tun 2014, amma duk wanda ya sayi ƙosai da safiyar nan ya san a cikin me aka ƙulle masa. Bana dai lambatun layinmu bai cika ba, kuma sauro ya ragu.

Inda suka gaza shi ne bayan sun kwashe. Toka, kashin awaki, ɓawon albasa da robar ruwa duk a wuri ɗaya suke tara su, ga shi kuwa masu lambun albasa a bakin kogin suna neman taki da kuɗinsu. Na yi wa shugabansu wannan magana, ya ce mini, "Baba, ba mu da filin da za mu ware ta." Gaskiyarsa ce, domin ware irin wannan fili aikin magajin gari ne, ba na mai babur ba.

Sau uku suka ƙi zuwa a Agusta saboda taɓo, ba tare da sun aiko da ko saƙon waya ba. Duk da haka na biya kuɗin wata uku masu zuwa, maƙwabcina ma ya karɓi lambarsu.