Mai shayin hanyar Maigatari da 'yan zaman bencinsa

Duk Alhamis in za mu ci kasuwar Maigatari sai direbanmu ya tsaya wajen wani mai shayi a wani ƙauye bayan an bar Gumel, to bari dai na faɗi yadda na ga wajen. Shayinsa ba laifi gaskiya, akwai citta da kanumfari, tun asuba tukunyar ke kan gawayi, in ka ce a yi maka mai kauri da Peak da Bournvita ba ya maƙon cokali. Wainar ƙwai ma ya iya sai dai mai yana masa yawa, burodin kuma wani lokacin kwanan jiya ne.

Matsalar benci ce. Guda biyu ne kullum a cike, amma ka ƙirga kofunan da ke kan tebur da kyar su kai uku, sauran duk 'yan zama ne, wannan ya jona waya a solarsa, wancan ya kasa kunne yana jiran labaran BBC, wasu na musu kan farashin riɗi da zoɓo kamar za su doku. Zuwana na farko a tsaye na sha wallahi, kofi na ƙona min yatsu, ga wani dattijo ya miƙe ƙafa yana ɓara goro ko kallona bai yi ba. Haushi ya sa na ce da mai shayin, kai kuwa malam me kake samu da waɗannan?

Dariya ya yi ya ce yaya ai ko Baba kawun matarsa ne, ta ina zai fara korarsa, kuma matafiyi in ya hango teburi fayau ba kowa sai ya ɗauka shayin ne ba daɗi ya wuce. Da na duba kuwa haka ne, mu ma cikar wajen ce ta fara tsayar da mu. Kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 da yawansu ba rowa ba ce, babu ce, in kaka ta yi an sayar da amfani su ne masu cewa a haɗa da indomie da ƙwai biyu. Can Amurka ma Starbucks, mai shagunan shan gahawa, ta bar kowa ya zauna ko bai saya ba tun 2018, sai ga shi a Janairun 2025 ta janye, to su can ba kawun matar kowa a bencin.

Ni abin da ban yarda da shi ba kawai mai saye ya tsaya mai hira na zaune. Makon jiya na tarar ya shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, ina zuwa ya ce Baba don Allah a ɗan muskuta wa baƙo, Baba ya ja carbinsa ya koma tabarma ba musu. Na ba shi maki huɗu cikin biyar, ɗayan na riƙe saboda burodin.