Shafin Genius da waƙoƙin hard rock: inda sharhi ya tsaya da ƙafarsa da inda ya koma shaci-faɗi

Mai sauraron hard rock, wato salon kiɗan Turawa mai ƙarfin amo, yakan sha wuya kafin ya kama abin da mawaƙi ke faɗa, domin ƙarar jita da ganguna kan danne murya, kuma ko an tsinci kalmomin, jigon kan ɓuya cikin habaici. Shafin Genius, wanda Tom Lehman da Ilan Zechory da Mahbod Moghadam suka kafa a Amurka a 2009, yana cikin wuraren da ake zuwa neman bayani. An san shi da Rap Genius har zuwa 2014, lokacin da aka gajarta sunan. Ana jera baitukan waƙa, a haskaka waɗanda aka yi wa sharhi, mai karatu ya latsa, bayani ya buɗe. Masu sa kai ne ke rubuta yawancin sharhin, editoci su tace, sauran jama'a su kaɗa ƙuri'a.

Shafin ya fi ƙarfi a kan waƙar da ke da tarihi tabbatacce. Wanda ya ji "Smoke on the Water" ta ƙungiyar mawaƙa Deep Purple ba tare da sanin asalinta ba zai ɗauka hayaƙin da ake ambata wani zurfafan kinaya ne, alhali labari ne tsagwaronsa: ranar 4 ga Disamba 1971 gidan caca na Montreux a Suwizalan ya kama da wuta ana tsakiyar wasan mawaƙi Frank Zappa, bayan wani ɗan kallo ya harba bindigar tartsatsi, hayaƙi ya lulluɓe Tafkin Janeba, 'yan Deep Purple kuma suka rasa zauren da suka zo ɗaukar faifansu, suka ƙarasa aikin a wani otal. A nan sharhin yana bin waƙar baiti bayan baiti, har ya fayyace cewa mutumin da aka yaba da fitar da jama'a shi ne Claude Nobs, jagoran bikin jaz na garin. Haka ma "War Pigs" ta ƙungiyar Black Sabbath ta 1970, wadda ɗan ƙungiyar Geezer Butler ya rubuta baitukanta: siffofin matsafa da Shaiɗan da ke cikinta zambo ne ga masu tura 'ya'yan talakawa fagen fama a zamanin yaƙin Biyetnam, kuma wanda ke zargin ƙungiyar da bautar Iblis zai amfana da karanta wannan bayani.

Raunin yana fitowa ne idan mawaƙi ya bar magana a dunƙule da gangan. "Stairway to Heaven" ta Led Zeppelin ta 1971 ta tara fassarori masu karo da juna, kowa da inda ya sa gaba, kuma a ganina ƙuri'a ba ta iya raba gardamar ma'ana, domin abin da ya burge jama'a shi ke hawa sama, ko da hujjarsa ba ta taka kara ta karya ba. Akwai alamar da ke nuna sharhin da mawaƙi ya rubuta da kansa, amma mawaƙan rap ne suka fi amfani da ita. Na hard rock na shekarun 1970 da wuya a same su, wasu ma, kamar Bon Scott na AC/DC da ya rasu a 1980, sun bar duniya tun kafin a kafa shafin.

Karatu kyauta ne, sai dai tallace-tallace suna cika fuskar waya, kuma kusan duk sharhin waɗannan waƙoƙi da Turanci yake. Idan sharhi bai nuna hirar da ya dogara da ita ba, gara a leƙa shafin Songfacts, wanda ya fi mayar da hankali ga tattaunawa da marubutan waƙoƙin kansu.