Legon ko Ingila? Amsa ga ƙanwarmu ta Aboabo

Ƙanwata, tun daren jiya na ga tambayarki, na bari gari ya waye don kada in amsa da garaje. Kin ce kin gama digiri na farko a saikoloji, kin yi bautar ƙasa, kina da raunin gani, kuma burinki ki yi bincike kan damuwar da ke kama mata bayan haihuwa a unguwannin Zango na Kumasi. Kina tambaya: ki nemi tallafin karatu na Ingila, ko ki zauna gida ki yi MPhil, wato digiri na biyu mai bincike, a Jami'ar Ghana da ke Legon? Ni yayarki ce a wannan hanya. Shan inna ta bar ni da sanduna biyu tun ina yarinya, kuma a nan Accra na yi nawa digiri na biyu.

Na Ingila da kowa ke ambata biyu ne, Chevening da Commonwealth. Chevening ki ajiye ta gefe tukuna. Tana son ƙwarewar aiki ta shekara 2, wato awa 2,800, kuma digiri na biyu na zaman aji kawai take biya, ba ruwanta da digirin bincike zalla ko digiri na uku. Commonwealth ita ce ta dace da ke. Tana biyan kuɗin makaranta, da tikitin jirgi, da alawus na wata-wata, har da ɗan kuɗin kayan sanyi. Abin da ya fi burge ni da ita shi ne, idan kin bayyana nakasarki, hukumar tallafin za ta sa a auna buƙatunki a ga ƙarin da ya kamata a yi miki. Ki riƙe wannan da kyau, domin alawus ɗin da gwamnatin Ingila ke ba ɗalibanta masu nakasa ba ya isa hannun baƙi irinmu. Jami'o'in can kuwa dokar daidaito ta 2010 ta tilasta musu gyara miki hanya: littafi a sigar da manhajar karanta allo za ta iya bi, ƙarin lokaci a jarrabawa, da makamantansu. A nan sai kin yi ta sintiri kafin ki samu rabin haka.

To amma ga inda gizo ke saƙa. Digirin shekara ɗaya ne, kuma kundin bincike a watannin ƙarshe ake yin sa, wajen wata uku. Matan da kike son ji daga bakinsu suna Aboabo da Asawase da Sawaba. A wata uku za ki nemi izinin kwamitin ɗa'ar bincike, ki dawo Kumasi, ki zauna da mai jego har ta saki jiki ta faɗa miki abin da ba ta faɗa wa mijinta ba? Da wuya. Yawanci sai a kai ga canza batu, a yi aiki da bayanan da wasu suka riga suka tara. Na biyu, digiri na biyu na Ingila ba ya ba ki damar duba marasa lafiya ko a can, sai kin yi wani horon na shekara 3. Idan kuma kin dawo, Majalisar Saikoloji ta Ghana, wadda doka mai lamba 857 ta 2013 ta kafa, ita ke ba da lasisi, kuma horon asibiti take dubawa.

MPhil na Legon shekara 2 ne, ta farko a aji, ta biyu a bincike. Shekara sukutum kina tare da mutanenki, da Hausarki da Twi ɗinki, ba mai yi miki tafinta. Jami'ar tana da ofishin ɗalibai masu buƙata ta musamman, ki fara da su tun kafin ki sayi fom. A Kumasi ma jami'ar KNUST na da cibiyar nazarin nakasa, ga shirin tallafi na gidauniyar Mastercard da ke can tun 2014.

Matsalar gida ita ce kuɗin ba ya zuwa a dunƙule. Tsintar sa ake yi: asusun tallafin ilimi na GETFund, ofishin tallafin karatu na gwamnati, da kason da ake ware wa masu nakasa daga asusun majalisun gundumomi. Ke taki majalisar ita ce Asokore Mampong, ta ofishin walwalar jama'a ake miƙa takarda, kuma katin Ƙungiyar Makafi ta Ghana zai ƙara wa takardarki nauyi. Sai dai duk wanda ya ba ki, kuɗin makaranta ne a ransa. Ba wanda ke tuna kuɗin da nakasa ke ci a filin bincike, alhali nan ne aljihu ke yoyo.

Bari in nuna miki nawa. A unguwannin Nima da Maamobi na Accra na tara bayanai, cikin damina. Tasi a bakin titi yake sauke ni, don lungun ba ya cin mota. Daga nan sai katako guda da aka gitta kan kwata, ya jiƙe, robar sandata na zamewa. Dole na ɗauki wata ɗaliba tana riƙe min jaka da rikoda, kullum in biya ta, in saya mata wake da shinkafa. Abokan karatuna trotro, wato ƙaramar motar haya, suke shiga su yi gida biyar a yini, ni in na yi biyu na gode Allah. Wata hukuma da ba zan kira sunanta ba ta amince za ta ba ni kuɗin bincike, kuɗin ya shigo bayan na miƙa kundina. Bashin adashi na biya da shi.

Naki lissafin zai sha bamban. Kina buƙatar mai rakiya, kuma ba kowa ba: mace, mai riƙon sirri, wadda za ki sa sunanta a takardar neman izini tunda za ta ji abin da matan ke faɗa. Kina buƙatar mai juya hira daga rikoda zuwa rubutu, da mai duba miki jadawali da zane kafin ki miƙa. A manhajojin karanta allo, NVDA kyauta ce, JAWS da tsada. Wajen lissafin alƙaluma kuwa, makafi da yawa sun fi jin daɗin manhajar R a kan ta SPSS, saboda umarni ake rubuta mata, manhajar allo na iya karantowa. Duk wannan ki zuba shi a kasafi, layi-layi da kuɗinsa a sidi, ki liƙa wa kowace takardar neman tallafi. Kada kunya ta sa ki rage ko kwabo.

Da ni ce ke, Legon zan yi, saboda wannan batu naki ba ya ɗaukuwa a jirgi. Ingila ba ta gudu ba: Commonwealth na da tsarin da mai digiri na uku ke rajista a jami'ar gida, ya je can ya yi wata 12 a ƙarƙashin malami na biyu, ya dawo ya ƙarasa. Lokacin nan za ki je da bayananki a hannu. Amma in kin san ba ki da mai tsaya miki ko na zangon karatu ɗaya, to kada ki shiga abin da za ki bari a tsakiya, ki nemi Commonwealth ɗin da gaske. Sakamakon 2:1 suke so, wato mataki na biyu na sama a digiri na farko, ana buɗewa wajen Satumba, kuma bayan fom ɗin intanet sai wata hukuma ta gabatar da sunanki. Ban da ta gwamnati, akwai dandalin masu nakasa na ƙasashen Commonwealth da ke gabatar da irinmu.

Ki turo min shafi ɗaya na batun bincikenki da kasafin nan kafin Juma'a, in duba miki.