Gidan haya a Kano ko a Mararaba? Amsa ga Hajiya

Hajiya, Allah ya jiƙan Baba, ya sa albarka a abin da ya bari. Na ga tambayarki tun jiya: kasonki na gado ya zo hannu, kina zaune a Kano, kina son ki sa kuɗin a gidan haya, amma ƙaninki da ke aiki a Abuja ya dage sai dai ki saya a Mararaba, da ke dab da Abuja, domin hayar can ta fi tsoka. Ni na taɓa duka biyun, bari in jera miki su ki gani.

Ƙanin naki bai yi ƙarya ba. Tun da gwamnatin tarayya ta tare a Abuja a Disambar 1991, hayar cikin birni ta fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci. Direba da masinja da ɗan sanda da malamar asibiti, da yawansu a Mararaba da Ado da Masaka suke kwana, su yi sammako su bi hanyar Keffi su shiga ta Nyanya. Rusau na lokacin da Nasiru el-Rufai yake ministan Abuja, daga 2003 zuwa 2007, ya ƙara tura jama'a can. Shi ya sa ɗaki ba ya daɗewa a kulle. Sannan ɗan hayar can bai haɗa komai da ke ba, ya san in shekara ta cika ko ya biya ko ya nemi wani wuri.

A Kano kuwa hayar ta fi sanyi, kuma akwai dalili. Bakano yana ɗaukar gidan haya zango ne kawai. Ko yana sayar da yadi a rumfar wani a Kantin Kwari, burinsa ya sami fuloti ko da a bayan gari ne ya ɗora bulo. Masu kama haya sosai su ne angwaye, ma'aikatan da aka turo daga wasu jihohi, baƙin 'yan kasuwa, da ɗalibai. Babban abin da ke cinye ribar mai gida a nan shi ne kunya. Kuɗin haya zai ƙare, ɗan haya ya turo limamin unguwa, gobe ya turo surukarsa wadda ashe tare kuka yi Islamiyya, ki wayi gari an shiga wata na biyar ba ki ga sisi ba, kuma in kika ambaci kotu a ce Hajiya ba ta da tausayi. Ga shi ɗan hayar shekara yawanci sai an ba shi wa'adin wata 6 kafin a tashe shi. In kin san ba za ki iya haɗe rai ba, tun farko ki sa dillali ko lauya a tsakani, ki yarda da la'adarsa.

To ki ce ai Mararaba ta ci wasa. Dakata, sai mun zo kan takardu, domin a nan ne ake yin asarar da ba ta dawowa.

Mararaba ba Abuja ba ce. Tana cikin ƙaramar hukumar Karu ta jihar Nasarawa, don haka duk wanda ya ce miki zai duba takarda a AGIS, ofishin filaye na Abuja, ko bai sani ba ko yana so ya rufe ki. Ofishin filaye na Nasarawa, NAGIS, shi ne wurin zuwa. Filaye da yawa a yankin daga hannun iyalai da masu unguwanni aka saye su, kuma sayar da fili ɗaya ga mutum biyu ba baƙon labari ba ne. Kano ma tana da nata: awon igiya, wanda takardarsa ba ta wuce ta ciniki da hatimin dagaci ba. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, takardar dagaci kuwa shaida ce kawai cewa an yi ciniki. Kin kuma ga abin da ya faru a Yunin 2023, lokacin da aka rushe shagunan filin Idi da gine-ginen tsohon otal ɗin Daula, alhali masu su da takardun gwamnatin da ta gabata a hannunsu. Bambancin shi ne a Kano za ki iya zuwa ofishin filaye, KANGIS, da hukumar tsara birni, KNUPDA, da ƙafarki, ki tambayi maƙwabta waye ya fara mallakar wurin, ki gano ko gidan gado ne da wani magaji bai sa hannu ba. A Mararaba abin da aka faɗa miki a waya shi ne iyakar saninki.

Sai lissafi. A ce, misali, kin sayi gida a kan miliyan 40, yana kawo miliyan 2 a shekara. Kashi 5 cikin 100 ke nan, tun ba a cire fenti, yashe masai, gyaran rufi da watannin da gida zai zauna ba kowa ba. A ce na Mararaba yana kawo miliyan 3. Ko shi bai kama ƙafar tsadar rayuwa ba, domin hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024, buhun siminti kuma ya haura naira 10,000 a farkon waccan shekarar. Kuɗin haya abin cefane ne. Abin da ke tsare miki dukiya shi ne darajar ƙasar da gidan yake kai, kuma a wannan Kano ba ta jin kunyar kowa: ki tambayi waɗanda suka sayi fili a Rijiyar Zaki ko Ɗanbare lokacin ana ce musu sun tafi daji.

Tsakanin Kano da Abuja ya haura kilomita 400. Ni wannan tazarar ce ta koya mini hankali. Wanda na wakilta ya kula mini da ɗakuna a can ya yi ta ce mini 'yan haya biyu ba su biya ba, sai da na je da kaina suka nuna mini rasit. Rufi kuma ya yi damina guda yana yoyo, silin ya ruɓe, ni ina nan ana turo mini hoton ƙofar gida tsaf da ita. Ƙarin miliyan ɗayan da ake kwaɗaita miki a irin wannan hanya yake zurarewa.

In da ni ne ke, Kano zan saya. Ba katafaren gida guda ba, wanda in ɗan haya ɗaya ya tashi komai ya tsaya. Gara ciki da falo uku ko huɗu, kowanne da banɗakinsa da kicin da mitar wutarsa, don rigimar kuɗin wuta ita ce ta fi raba 'yan haya da mai gida. Ki tabbatar akwai rijiyar burtsatse, domin amarya ba ta son zaman jiran ɗan garuwa. Wajen asibitin Malam Aminu Kano akwai ma'aikata masu albashi. Wajen sabuwar jami'ar Bayero a titin Gwarzo akwai ɗalibai, sai dai ki tuna yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, na 2022 wata 8 ya yi, kuma ɗakin ɗalibi kusan duk shekara sai ya sha gyara.

Mararaba tana da hujja ɗaya: in ƙanin naki zai zauna a cikin gidan, ko zai zuba nasa kuɗin ku yi tarayya a rubuce da shaidu. Ki tambaye shi wannan tukuna, kuma ki tambaye shi in aka yi masa canjin wurin aiki zuwa Legas, wa zai riƙa karɓo miki hayar.