Google Sheets a waya: ya iya lissafin ƙuri'a, amma ba ya tambayar wace iri ce

Sakataren ƙungiyar manoma a wajajen Kura ko Ringim da ke son ya san damar kowa kafin a jefa ƙuri'ar rabon kaya, Google Sheets, manhajar lissafi ta Google, ya ishe shi. Kyauta ne, kuma in an saita fayil ɗin ya riƙa buɗewa ba intanet, zai yi aiki ko a ƙauyen da sabis ke wuya. Aibinsa shi ne duk lissafin da aka ba shi sai ya fito da amsa, ko da ba shi ake nufi ba.

A ce manoma 12 ne, buhunan taki 3 iri ɗaya. Wanda aka fara zaro sunansa daga ƙwarya da wanda ya zo na uku duk buhu ɗai-ɗai za su ɗauka, saboda haka babu ruwanmu da wa ya riga wa. Sai a rubuta =COMBIN(12,3), ya ba da 220. In kuwa na farko injin ban-ruwa zai samu, na biyu famfon feshi, na uku buhun taki, to jeri ya shigo ciki. Nan =PERMUT(12,3) ake so, wato 12×11×10, 1320. Ninki 6 ke tsakaninsu, don mutum uku suna iya jeruwa ta hanya 6.

Ɓarnar takan zo ne wajen rabawa. Damar manomi guda ya faɗo cikin ukun nan ita ce =COMBIN(11,2)/COMBIN(12,3), don in an ware masa gurbi ɗaya, saura 2 za a zaro daga 11: 55 bisa 220, wato 0.25, ɗaya cikin huɗu. Wanda ya bar COMBIN a sama ya sa PERMUT a ƙasa zai ga 0.0417, kusan kashi 4 cikin 100, kuma manhajar ba za ta ce uffan ba. Maganinsa a gwada da ka: buhu 3, mutum 12, dole amsa ta zama 3 bisa 12.

A allon waya akwai wani tarkon. Da ka fara rubuta COMB sai COMBIN da COMBINA su fito tare, yatsa ya zame ya taɓa ta biyun. Ita tana ƙirgawa ne kamar ana mayar da suna cikin ƙwarya a sake zarowa, shi ya sa take ba da 364 maimakon 220, lambar da ba za ta ba kowa mamaki ba balle a yi zargi.

Kuskuren da Google Sheets yake kamawa da kansa shi ne juya lambobi: =COMBIN(3,12) zai nuna alamar kuskure #NUM!, tunda ba a zaɓar 12 daga cikin 3. In kuma an saita fayil ɗin a kan ƙasa irin Faransa, waƙafi tsakanin lambobin ba zai karɓu ba sai alamar ; a madadinsa.

Masu adashi su bar wahalar da kansu da =FACT(10). Lallai mutum 10 na iya jeruwa ta hanya 3,628,800, amma damar kwasar farko ɗaya ce cikin 10.